Wuƙar Surukina

Ni ne mutumin da ya kashe wa surukinsa sana'a da sunan gyara. Na faɗa tun da fari don kada wani ya zauna jiran in fito da hujja a ƙarshe, ba ni da ita. Sunana Ummaru, amma a Kankiya ta wancan zamani Ummaru Fita ake ce da ni, wato makaniki, kuma in ka kira ni ba ka haɗa da Fitan ba sai in yi kamar da wani kake.

Shekarar Udoji ce, ta babban ƙarin albashin nan, lokacin da kowane ma'aikaci yake jin ƙasa ta yi masa kaɗan. Ina aiki a garejin wani kamfani da ke gyaran titin da ya ratsa garinmu. In za a bi gaskiya, aikina wanke sassan inji ne da kananzir da miƙa wa manya sufana, amma rigar aikin shuɗiya ce mai aljihu huɗu, kuma na sayi sabon keke mai ƙararrawa biyu. A kusurwar garejin akwai wani dutsen wasa ƙarfe da janareta ke juyawa. Ka kunna, dutse ya ɗauki gudu, ka kanga masa ƙarfe, tartsatsi ya yi ta feshi har kan takalminka. Tun ranar da aka yarda in taɓa shi, babu wani abu mai baki a unguwarmu da ya tsira. Na wasa adduna da gatura, na wasa almakashin tela, na wasa wuƙaƙen mahauta. Mahautan nan su suka ƙarasa ni, don sun yaba, ni kuwa yabo yana shiga kaina kamar ruwa a yashi.

Matata Hawwa'u 'yar Kaikai ce ta ƙasar Kusada, a gidansu Kulu suke ce mata. A kakar shekarar ta tafi gida haihuwar fari, ta sami ɗa namiji, ta zauna wankan jego. Saboda haka duk ranar da babu aiki sai in hau keke in nufi Kaikai da ɗan sabulu da goro.

Mahaifinta, Dabo, masassaƙi ne. Ba ya yin turmi, ba ya yin kujera, akushi da koshiya kawai yake yi, amma akushinsa in ka shafa cikinsa sai ka rantse an shafa masa mai. Wannan duk a bakin mutane na ji, don ni ban taɓa ganin sa yana aiki ba. Kun san yadda surukuta take a wajenmu. Tun daga bakin darni nake tuɓe takalmi, in durƙusa nesa da tabarmarsa, in sa ido a ƙasa. Shi ma da ya ji ƙararrawar kekena sai ya naɗe kayan aiki, ya kakkaɓe riga, ya zauna kamar mai jiran baƙon sarki. Mu gaisa, ya tambayi aiki, in ce da godiya, in tashi. Shekara biyu da aurena, na fi sanin yatsun ƙafarsa a kan fuskarsa.

Wata Lahadi na je na tarar ba ya nan, an yi rasuwa a Dudunni ya tafi zaman makoki na kwana uku. Da na fito daga wajen mai jego sai na ga rumfar aikinsa babu kowa. Da ƙafata ta kai ni ga kekena da yanzu ba ni da labarin bayarwa, amma karambani ya ja ni na leƙa. Ga gizago biyu a rataye, ga sassaƙe ya rufe ƙasa yana ƙamshi, ga wani babban akushi na icen ɗanya an gama fafe shi da gizago, saura gyaran ciki. A cikinsa akwai wani abu naɗe da tsohuwar fata. Na warware.

Wuƙa ce, baƙa wuluk, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba, kanta ya ɗan lanƙwashe. Ƙotar ta sha hannu har ta yi ramin yatsu. Abin da ya ɗaure mini kai bakinta ne. Gefe ɗaya a shafe yake sumul, babu alamar an taɓa yi masa gangare. Ɗaya gefen kuwa gangare ne dogo, tun daga tsakiyar ƙarfen har baki. Duk wuƙar da na sani gefe biyu ake wasa ta daidai wa daida. Na ɗauki wani guntun reshe na gwada ta da hannuna na dama. In na sassauta sai ta zame, in na danna sai ta nutse ta cije. Nan take tausayin tsohon ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, ido ya yi rauni, shekara da shekaru yana goga gefe ɗaya a kan dutsen rafi har wuƙa ta karkace bai sani ba, ga shi yana da suruki fita. Na mayar da ita cikin fatar na sa a ɗaya daga aljihunan nan huɗu, ban gaya wa kowa ba. So nake ya buɗe ya ga abin mamaki.

Washegari da hutun rana na kunna dutsen. Na fara da gefen da ke shafe na yi masa gangare, na juya ɗayan na rage tsawon nasa, har suka haɗu a tsakiya, gajeren baki mai kauri irin wanda mahauta suke so. Ƙarfen yana da tauri ƙwarai, sai da na danna da ƙarfi, ya yi zafin da sai da na riƙe shi da tsumma. Da na ɗaga sai na ga bakin ya yi wani shuɗi-shuɗi kamar wuyan tantabara. Wallahi ado na ɗauke shi. Na gwada a gashin hannuna ta aske shi tas. Da yamma na taka keke har Kaikai na mayar da ita cikin akushin, na dawo ina fito a hanya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa ranar har wuya na sa shi.

Akushin nan na Iyatu ne. Iyatu wata dattijuwar Bafulatana ce da rugarsu ke yin damina a bayan Kaikai. Sauran mata a ƙwarya suke tatsa, ita kuwa ta ce ƙwarya harbi ɗaya saniya take yi mata ta tashi aiki, don haka a akushin Dabo take tatsa tun tana amarya. Duk 'yarta da za ta kafa nata ɗaki sai ta sa ya sassaƙa mata guda. Wannan na autarta ne. Kuma a lokacin kwanon samira da roba sun cika kasuwa, masu sayen akushi sun ragu ainun. Waɗanda suka rage, yawancinsu matan ruga ne, bakin Iyatu suke bi. In ta ce abu yana da kyau to yana da kyau. An yi alkawari za ta karɓa ranar kasuwar Kusada, don washegari za su tashi da shanu su yi kudu cin rani.

Ranar kasuwar na nemi izini a wurin aiki na yi sammako. Na aika ta bakin Hawwa'u cewa zan ɗaukar wa Baba kaya a keke. Ba ladabi ne ya kai ni ba, yabo na je karɓa. Na ɗaure akushin a bayan keke cikin tsumma, ina turawa, shi yana gaba da sandarsa, ni ina baya da tazarar da ta dace. Har muka isa bai ce mini komai a kan wuƙa ba. Na ce a raina kunya ce irin ta manya, sai a gaban jama'a zai saki maganar.

A gindin wata tsamiya masu nono suke zama. Iyatu tana tsakiyarsu, doguwa, siririya, da mata sun fi goma kewaye da ita. Suka gaisa da Dabo gaisuwar mutanen da suka daɗe da sanin juna, har da ɗan tsokana a kan wa ya fi wani furfura. Na kwance akushin na miƙa. Daga nesa ya yi kyau, fari tas. Ta miƙa hannu za ta sa a cikin kayanta, sai ya dakatar da ita.

"Zuba mashi ruwa, Iyatu, kahin ki ɗauka."

Ta yi dariya ta ce ita da shi ai sun wuce gwaji, shekara talatin ba kwana talatin ba ne. Ya ce ta zuba dai. Ta karɓi ruwa a ludayi ta zuba, ta juya shi ya zagaye ciki, ta zubar. Ta ɗan jira. Sannan ta sa babban yatsa ta shafa, tun daga gindi har baki, sai dariyar ta ɗauke. Ta sake shafawa. Ni daga inda nake tsaye ina iya ganin cikin akushin ya tashi da wani gashi-gashi, duk zaren icen ya miƙe. Daga baya na san dalili. Icen da wuƙa ta yanka yankan gaske a rufe yake zama ko ya jiƙe. Wanda aka yage kuwa, ko an goge shi da yashi ya yi laushi a ido, da ya sha ruwa sai ya tona asiri. Nono yana maƙalewa a irin wannan gashin, ba ya wankuwa, kwana biyu ya fara lalata duk abin da aka tatsa a ciki.

"Dabo, wannan ba hannunka ba ne."

"Nawa ne."

"To mi ya same ka?"

"Tsuhwa," in ji shi.

Bai kalle ni ba. Ko gefen da nake bai juya ba. Ni kuwa ina riƙe da kan keke. Ban gama gane yadda aka yi ba, amma na san abu ɗaya ne ya canza a rumfar nan cikin kwana bakwai, kuma na san wanda ya canza shi. Kalma huɗu ce kawai ake buƙata, ni na taɓa wuƙar. Na ji su sun zo har maƙogwaro. Sai na dubi matan nan, na dubi rigata mai aljihu huɗu, na tuna da akwai mutanen Kankiya a kasuwar da suka san ni da Fita. Na haɗiye su. Har na sunkuya ina taɓa sarkar keke kamar wani abu ya same ta.

Iyatu ta ajiye akushin a gabansa a hankali. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce Allah ya sa mu gama lafiya, kowa da ranarsa. Ta tashi ta nufi layin masu kwanuka, muna kallo ta ɗauki wani farin kwanon samira mai jan baki tana ƙwanƙwasa shi da farce. Masu nono kuwa ba su da rediyo amma sun fi shi saurin kai labari, don babu ƙauyen da ba sa shiga da ƙwarya a ka. Kafin mako ya zagayo, daga Kaikai har Sukuntuni an san hannun Dabo ya mutu. Mutum biyu da suka ba shi aiki suka aiko cewa a bari tukuna.

Lahadin da ta biyo na shiga wajen Hawwa'u da rana tana ba yaro nono. Ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Ta bari na zauna, sannan ta tambaye ni ba tare da ta ɗago ba.

"Malam, wuƙar Baba ta cikin hwata, kai ne?"

Na fara kame-kame, wai na ga ta karkace ne, wai taimako na yi niyya. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ranar da Baba ya dawo daga Dudunni ya warware fatar, ya zauna da wuƙar a tafin hannu tun hantsi har azahar, bai ci abinci ba, bai kuma tambayi kowa a gidan wa ya shiga rumfa ba. Ta ce tambayar me zai yi, duk ƙasar Kusada wa ke da dutsen da ke barin irin wannan zane a jikin ƙarfe in ba mutumin gareji ba.

"Ba karkacewa ta yi ba," ta ce. "Baba bahago ne."

Na ce ina, ai da dama yake miƙo mini hannu, da dama yake karɓar goro. Ta ce ƙwarai, tun yana yaro aka horar da shi da bulala har ya koma dama a ci da sha da gaisuwa, amma wuƙa ta ƙi komawa. Wani maƙeri a Sukuntuni, Ɗanmaliki, shi ya ƙera masa ita daga tsohon magagari tun kafin a sami mulkin kai, ya kwantar da bakin a gefen da ya dace da hagu. Maƙerin ya daɗe da rasuwa. Duk Kaikai har yara sun san Dabo da hagu yake sassaƙa. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da nake ganin na fi kowa ladabi don ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, har yaron da ke hannunta na kasa kallo.

Mako guda na yi ina shirya magana. Da ranar ta zo ban buga ƙararrawa ba, na sauka tun daga nesa na turo keken. Na same shi a rumfa a zaune, ga wani shimfiɗaɗɗen dutse tsakanin ƙafafunsa wanda tsakiyarsa ya lotsa don daɗewa, ga ruwa a sakaina. Wuƙar tana hannunsa na hagu. Ya ji zuwana, amma a karon farko bai naɗe kayan aiki ba. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana gugar. Ya ɗiga ruwa, ya kwantar da ƙarfen, ya tura, ya jawo. Babu tartsatsi, babu ƙara, sai ɗan baƙin ruwa da ke gangarowa. Mun daɗe a haka. Can sai ya fara magana, fuskarsa a kan dutsen, kamar da shi yake.

"Ice ba nama ba ne. Nama ta ko'ina ka zo mashi yanka ne. Ice zare gare shi, kwance. Gehen nan da ke shahe, shi ke kwanciya bisa icen ya riƙe ma wuƙa hanya, kada ta nutse, kada ta zame. Dogon gangaren kau shi ke shiga ƙarƙashin zaren ya ɗaga shi, sassaƙen ya naɗe ya hita da kanshi. In baki ya yi kauri ba yanka yake ba, tsaga yake, irin ta gatari."

Ya ɗaga wuƙar ya duba ta a haske, ya nuna wa dutsen sauran shuɗin da ke kanta. Ya ce ƙarfe in ya yi wannan launi ya ƙone, taurin da maƙeri ya sa masa ya tafi. Zai aske gashi sau ɗaya ya ruɗi mutum, amma da ya gamu da ice sai bakin ya naɗe. Babu magani sai a yi ta ci da dutse har a wuce inda wutar ta kai.

Na ce, "Baba, ni ne."

"Ban tambaya ba."

Na ce ya yafe mini, kuma ranar kasuwa mai zuwa zan je gindin tsamiyar nan in faɗa a gaban kowa. Sai a nan ya tsayar da hannu. Ya ce kada in kuskura. Ya ce tsoho in an ce hannunsa ya tsufa ba a yi masa ƙarya mai nisa ba, ko ba bana ba baɗi. Amma in aka ji surukin Dabo ya shiga rumfa ba ya nan ya ɗauki kaya a aljihu, ba wanda zai tsaya tambayar niyya. Kulu ce za ta ɗauki maganar a ka duk rijiyar da ta je, yaron nan ma da ita zai tashi. Ya ce wanda ya yi, alheri ya nufa, Allah ya ba shi ladan niyyarsa. Wannan addu'ar ta fi mari zafi, na fi son ya ɗauki sandarsa ya rafka mini. Ya koma kan gugarsa, ni kuma na tashi na ɗauki takalmina a hannu.

Kusan wata biyu ya yi yana cin ƙarfen nan da dutse, kullum da safe. Kafin a wuce inda ya ƙone, lanƙwasar kan ta tafi gaba ɗaya, faɗin kuma ya dawo kamar ɗan yatsa. Bakin ya koma yadda yake, gefe ɗaya a shafe, ɗaya gangare, tana yanka kamar da. Sai dai ba ta iya bin cikin akushi, don lanƙwasar nan ita ce take zagaya gindi. Na je wurin wani maƙeri a Kankiya na yi masa bayani, ya ƙera har guda uku daga sifirin mota, na aika. Dabo ya aiko da godiya mai yawa. Da na je na gan su a soke a rufin rumfa. Hawwa'u ta ce ya gwada kowace, ya ce ƙarfen yana da kyau, amma hannun da ya shekara talatin da wuƙa ɗaya ba ya koyon wata. Daga nan bai sake sassaƙa akushi ba. Mutumin da ake zuwa nemansa daga rugage masu nisa ya koma zama a gefen kasuwa da koshiya a faifai, yara suna ce masa Baba mai koshiya.

Da Hawwa'u ta dawo ɗakinta, cikin kayan da aka haɗo ta da su akwai wani ɗan ƙunshi da ta ce Baba ya ce a ba ni. Koshiya biyu ne, ice ɗaya, girma ɗaya, siffa ɗaya. Ɗaya sumul take, tana ɗaukar ido, kana iya ƙirga sawun wuƙa a jikinta kowanne da sheƙinsa. Ɗayar kuwa da bakin da na yi wa wuƙar aka sassaƙa ta, tun a kwanakin farko, kuma bai goge ta da yashi ba. Duk jikinta a yage yake. Babu saƙon baki ko ɗaya. Hawwa'u ta ce ita a ganinta ba gori ba ne, so yake in san bambancin tun da aikina ya shafi bakin ƙarfe. Wataƙila haka ne. Ni dai tun ranar ban sake kanga wa dutsen gareji kayan wani ba sai na tambayi mai shi abin da yake yankawa, da kuma hannun da yake riƙewa.

A kasuwa Dabo ya hana ni faɗa, bai hana ni ruga ba, haka na yi wa kaina fatawa. Da ruwa ya sauka su Iyatu suka dawo, na sa koshiya mai kyaun a aljihu na tafi. Na same ta da hantsi a gindin wani marke tana wanke kwanukan samira, har guda huɗu, ɗaya duk ya ɓantare a baki ya fara tsatsa. Ta gane ni, ta ce ba kai ne mai keken Dabo ba. Na durƙusa na kwashe labari tun daga rumfa har dutsen gareji na gaya mata, ban rage komai ba. Na miƙa mata koshiyar na ce wannan bayan ya gyara wuƙar ya yi ta.

Ta tsoma ta a ruwan wankin, ta fitar, ta jira kamar yadda ta yi a kasuwa. Ta shafa da babban yatsa. Ta daɗe tana shafawa.

"Wannan hannun Dabo ne," ta ce. Sannan ta dube ni sosai. "Ranar nan kana tsaye. Na gan ka kana wasa da sarkar keke. Bakinka yana ina?"

Ta ce da na yi magana a ranar da dariya za a yi mini, a ce yaron zamani ya yi gyaran gangar Auzinawa, ita kuma ta ce masa ya yi a hankali ta karɓa da damina, ko da wace wuƙa zai lallaɓa. Da babu wadda za ta ɗauki labarin mutuwar hannunsa ta kai ƙauye. Yanzu kuwa ita da bakinta ta faɗa wa mata, matan sun sayi kwanuka, 'ya'yansu ma sun saba, wa za ta bi gida gida ta ce a mayar. Ta ce shekara talatin suna mutunci, ta tashi ta bar shi da akushi a gaba kamar wanda ya kawo mata ruɓaɓɓen kaya, wannan kuma ni na sa ta. Ta soke koshiyar a cikin ɗaurin zanenta. Ba ta tambaye ni ko kyauta na kawo ba, ni ma ban ce a ba ni ba.

Na ji daga baya ta je har rumfa ta gai da Dabo, sun daɗe suna hira, ta sayi koshiya goma da ba ta da buƙatarsu. Bai taɓa nuna mini ya san na je ba. Shekara shida ya ƙara a duniya, kullum in na je ya tambayi aiki in ce da godiya.

Saura ɗayar a wurina, mai kaushin. Hawwa'u ta sha ɗauke ta ta jefa cikin itacen girki, ina tsamo ta. Yara sun kawo mini cokula na ƙarfe iri iri, har da masu zanen fure. In an yi fate ko dambu da ita nake ci. Shekarun nan duk ba su sa ta yi laushi ba, da ta jiƙe zaren yake miƙewa, kowace loma sai ta karce ni a leɓe. Jikokina suna dariya, suna tambaya don me Kaka yake cin abinci da koshiyar da ba a iya sassaƙawa ba, wane ne ma ya yi ta. Nakan ce musu ni ne.